Saltaire: Gidajen Leburori Cikin Rigar Italiya

Mil uku da ɗoriya daga tsakiyar birnin Bradford, a yankin Yorkshire na arewacin Ingila, akwai wani ɗan gari mai suna Saltaire, wanda mutum ɗaya ya gina da kuɗin aljihunsa cikin shekara ashirin da 'yan kai. Gidajen garin sun haura 800, kuma kusan dukkansu a jere suke, bango ɗaya ne tsakanin kowane gida da na maƙwabci, an shimfiɗa su layi bayan layi a kan gangaren da ya sauka zuwa kogin Aire. Ma'aikatan masaƙa aka gina wa su, mutanen da ke fita tun duku-duku su tsaya gaban inji har yamma. Sai dai wanda ya ƙare wa fuskar gidajen kallo zai ga abin da bai yi kama da mazaunin lebura ba. Ƙofofi da tagogin wasu layukan kansu a lanƙwashe yake kamar baka, an jera ƙananan duwatsu sassaƙaƙƙu suna tallafe da bakin rufi, ga kuma wani dogon bututun hayaƙi can bakin ruwa da aka yi masa siffar hasumiyar wata majami'a ta birnin Venice. Me ya kawo Italiya, ƙasar rana da inabi, cikin kwarin da hazo da ruwan sama suka mayar gida?

Kafin a je ga ado, sai an fahimci gangar jikin. Gidan jere shi ne ginin da Ingilishi suka fi kowa sabawa da shi. Ya samu gindin zama a Landan bayan babbar gobarar 1666, lokacin da 'yan kasuwar gini irin su Nicholas Barbon suka gane cewa idan aka matse fuskar gida aka tsawaita shi ta baya, titi ɗaya zai ɗauki gidaje da yawa. Lissafin a fili yake. Filin da ke bakin titi shi ne mai tsada, to kowa a ba shi kaɗan. Bango ɗaya ya yi wa gida biyu aiki, an rage kuɗin dutse ko bulo. Rufi ɗaya ya bi ta kan layin gaba ɗaya. Sannan a ƙasar sanyi gidan da ke manne da wasu ta hagu da dama ba ya zubar da ɗuminsa sai ta gaba da baya. Ba talakawa kaɗai suka zauna a irinsa ba. A birnin Bath, John Wood ƙarami ya jera gidaje 30 cikin siffar jinjirin wata, aka fara aikin a 1767, ya yi musu fuska ɗaya kamar ta fadar sarki, kuma masu hannu da shuni ne suka yi rububin su. Dabarar ke nan da ta daɗe a ginin Ingilishi: a ɗauki gidaje da yawa a sa musu riga ɗaya, kowane mai gida ya ji kamar a fada yake.

Da zamanin injuna ya zo, sai aka ɗauki lissafin aka yar da rigar. Bradford tana da mutum kusan 13,000 a 1801. Zuwa 1851 sun haura 100,000, duk saboda ulu. Masu gini suka ƙirƙiro gidan da ya fi na jere matsi, wanda aka jingina bayansa da bayan wani. Bango uku na irin wannan gida na tarayya ne, ƙofa da taga ta fuska ɗaya kawai suke, iska ba ta da hanyar ratsawa ta fita. Masai ɗaya gidaje da dama ke tarayya a kai, ruwan sha daga famfon unguwa ko daga mai talla, ƙazantar gari da ta masana'antu duk cikin rafi da magudanar jiragen ruwa take ƙarewa. Ƙididdigar shekarun 1840 ta nuna matsakaicin shekarun da mutum ke mutuwa a garin bai kai 20 ba, kuma abin da ya ja lissafin ƙasa haka shi ne yawan jariran da ba sa kai wa yaye. A 1849 kwalara ta shigo ta kashe fiye da mutum 400.

Magajin garin Bradford a daidai wannan lokaci shi ne Titus Salt. An haife shi a 1803, ya gaji cinikin ulu a wajen mahaifinsa, ya kuma yi arziki da abin da wasu suka raina. A 1836 ya ci karo da dilolin gashin alfaka, wata dabba ta tsaunukan Peru dangin raƙumi, an jibge su a wani sito a Liverpool babu mai saye. Ya yi ta gwaji har ya gano yadda za a kaɗa gashin a saƙa shi da zaren auduga ko siliki, ya fito da yadi mai sheƙi, mara nauyi, wanda matan zamanin Sarauniya Victoria suka yi ta yayi. Masaƙunsa guda biyar ne warwatse cikin Bradford. Ya yi ƙoƙarin sa sauran masu masana'antu su rage hayaƙi, suka yi kunnen uwar shegu. Sai ya yanke shawarar kwashe komai nasa ya fita daga garin.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma bai kamata a ɗauki wannan hijira a matsayin tausayi zalla ba. Wurin da ya zaɓa kusa da Shipley yana da kogi, yana da magudanar jiragen dako da ta haɗa Leeds da Liverpool, ga layin dogo ya ratsa ta tsakiya. Gashin alfaka zai zo daga tashar teku har ƙofar sito, kwal zai zo da arha, yadi zai fita ba wahala. An buɗe masaƙar ranar 20 ga Satumba 1853, ranar da ya cika shekara 50, da walimar da ta tara mutum fiye da 3,000. Injiniya William Fairbairn ne ya tsara ƙarfen cikinta da injunanta. Tsawon fuskarta ƙafa 545, an shirya ta don injin saƙa 1,200 da ma'aikata kusan 3,000. Mutum dubu uku kuwa dole su kwana a wani wuri. Da farko jirgin ƙasa ke kawo su daga Bradford kullum. Daga 1854 aka fara gidaje, ba a gama ba sai wajen 1868.

Masu zanen ginin su biyu ne, Henry Lockwood da William Mawson, kuma su suka zana komai na garin, daga masaƙa har ɗakin ajiye kwal na bayan gida. Salon da suka ɗauko ba daga Italiya kai tsaye ya zo ba, ya riga ya yi shekara hamsin yana yawo a Ingila. 'Ya'yan manyan Ingilishi sun daɗe suna zuwa Italiya yawon buɗe ido, suna komowa da zane-zanen gidajen gona na Tuscany da fadojin attajiran Florence da Roma. A 1802 John Nash ya zana wani gida mai suna Cronkhill a Shropshire, wanda ake ɗauka shi ne na farko a wannan salo. Charles Barry ya kawo salon tsakiyar Landan da gine-ginen kulob biyu na manya, Travellers da Reform, a shekarun 1830. Abin da ya sa kowa ya ruɗe kuwa shi ne gidan hutun da Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert suka gina a tsibirin Wight, wato Osborne, daga 1845 zuwa 1851, da hasumiyoyinsa biyu masu kusurwa huɗu. Thomas Cubitt ne ya gina shi, mutumin da ya cika unguwannin Belgravia da Pimlico na Landan da gidajen jere. Abin da sarauniya ta zaɓa, bankuna da tashoshin jirgin ƙasa da otal-otal suka bi.

Akwai dalilin da ya wuce yayi. A wancan zamani masu zanen gini a Ingila sun rabu gida biyu. Wasu na son salon tsakiyar zamanai, mai tsinin baka da dogayen rufi, irin na tsofaffin manyan majami'u, kuma wannan salo ya fi ɗasawa da Cocin Ingila da tsofaffin gidajen sarauta. Salt ba ɗan wannan coci ba ne. Yana cikin ɗariƙar da kowace majami'a ke cin gashin kanta, ɗariƙar 'yan kasuwa da masu sana'a waɗanda suka tashi da guminsu. Ga irinsu, Florence da Venice suna da wata ma'ana: birane ne da fatake da masu saƙa suka gina, suka mulka, suka ƙawata. Florence ma da ulu ta fara yin suna. Attajirin Yorkshire da ya sa wa masaƙarsa fuskar fadar Italiya yana faɗa ne a fakaice cewa shi ma jinin waɗancan fatake ne. Mil kaɗan daga nan, a Halifax, Edward Akroyd, ɗan Cocin Ingila, ya gina wa ma'aikatansa unguwar Akroydon, ya kira George Gilbert Scott ya zana masa ita da salon tsakiyar zamanai. Ulu ɗaya suke ci, shekaru kusan ɗaya, amma kowa da rigar da ya ga ta dace da shi.

Sannan salon Italiya yana da arha, kuma a ganina wannan ne ya fi komai tasiri a gidan jere. Ba ya neman a sauya tsarin ɗakuna ko a karkata bango. Akwati ne mai kusurwa huɗu, adonsa duka a bakin ƙofa, bakin taga da bakin rufi yake. Masassaƙin dutse zai iya fitar da baka iri ɗaya sau ɗari daga ma'auni ɗaya. Ana iya ƙara shi ko a rage shi gwargwadon kuɗi ba tare da layin ya yi bambarakwai ba.

To, me ido zai nema? Abu na farko bakar nan. Maimakon a ɗora dogon dutse miƙaƙƙe a kan ƙofa, sai a jera duwatsu masu siffar tsinin gatari su zagaya rabin da'ira, kowanne yana danne na kusa da shi, na tsakiya ya kulle su. A kan ƙofa, rabin da'irar nan gilashi ake sa mata, haske ya shiga mashigin gidan da ba shi da taga ta gefe. A gidajen da ke ƙarshen layi za a ga taga biyu masu baka an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, da siririn ginshiƙi a tsakani, kuma wannan ita ce alamar da ta fi saurin tona asirin salon. Na biyu, ɗamarar dutse da ke bi ta jikin bango daga farkon layi zuwa ƙarshe, tana raba ƙasa da bene, tana kuma ɗaure gidaje goma sha wani abu su zama kamar gini ɗaya. Na uku, duwatsun nan da ke leƙowa ƙarƙashin bakin rufi. A Italiya aikinsu tallafar rufin da ya zarce bango sosai don ya yi inuwa. A Yorkshire ba inuwa ake nema ba, ranar ma nemanta ake, saboda haka rufin bai zarce da yawa ba, duwatsun suka koma ɗaukar indararon da ke kwashe ruwan sama. Magina na yankin sun saba sa irin waɗannan duwatsu tun kafin a ji sunan Italiya. Lockwood da Mawson sassaƙa su kawai suka yi, suka jera su kusa-kusa.

Haka abin yake ko'ina, an ɗauki abin da yanayi ya yarda da shi an bar saura. Babu baranda buɗaɗɗiya mai ginshiƙai, wa zai zauna a cikinta a watan Janairu? Babu jan rufin yumɓu irin na Tuscany, allunan dutse masu launin toka na ƙasar Wales aka shimfiɗa, waɗanda jirgin ƙasa ya sauƙaƙa kawowa. Tagogin ma na Ingilishi ne tsantsa: firam biyu da ke zamewa sama da ƙasa, an ɓoye ƙarfe mai nauyi da igiya cikin katakon gefe don tagar ta tsaya duk inda aka bar ta. In aka ɗan sauke ta sama aka ɗan ɗaga ta ƙasa, iska mai zafi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Kuma gidajen sun zo a kan gaɓa, domin an soke harajin gilashi a 1845, aka soke harajin taga a 1851. Kafin nan yawan tagogin gida shi ke ƙayyade harajinsa, har wasu kan toshe nasu da bulo.

Wani abin da ya bambanta Saltaire da danginta na kudu shi ne jikin bangon. Gidajen jere masu salon Italiya a Landan, ko a garuruwan shan iska irin su Cheltenham da Leamington, yawancinsu bulo ne aka yi wa yaɓe, aka ja layuka a kan yaɓen don ya yi kama da dutse, aka shafa fenti mai ruwan madara. In aka yi shekaru ba a sake fenti ba, yaɓen ya fara ɓarewa, asiri ya tonu. A Saltaire dutsen gaske ne, dutsen yashi mai ruwan zuma da ake fasawa a tsaunukan yankin. Na jikin bango an daddatse shi da guduma an bar shi da ɗan kaushi, na bakin ƙofa da taga an goge shi sumul. Wannan bambanci na kaushi da santsi shi kansa ado ne, kuma ba ya neman mai fenti.

Dogon layin gidaje iri ɗaya yana gajiyar da ido, kuma a nan ne gwanintar mutanen biyu ta fi fitowa. Gidan ƙarshen layi sukan ɗan turo shi gaba, su ɗan ɗaga shi, wani lokaci su juya fuskarsa ga titin da ya gitta, don kada mai tafiya a titin Caroline ko titin Titus ya yi ta ganin ƙeyar gine-gine. A layukan farko sun cusa gidaje masu hawa uku a tsakanin masu hawa biyu, wasu daga cikinsu na kwanan gwagware ne da ke haya ɗaki-ɗaki. Gangaren ma ya taimaka: layin da ke sauka zuwa kogi rufinsa na karyewa mataki-mataki. Kuma titunan da suka miƙe arewa, idan ka tsaya a kansu, ƙarshensu tsauni ne da itatuwa a hayin kogi.

Sunayen titunan na iyali ne. Caroline matar Salt ce. William Henry, George, Amelia, Edward, Fanny, Herbert, Titus, Whitlam, Mary, Helen da Ada 'ya'yansa ne. Babban titi an ba sarauniya, an ba mijinta wasu biyu, masu zanen ginin ma kowannensu ya samu nasa. Sai dai 'ya'yan ba su zo daidai ba wajen rabon ado, kuma a nan ne rigar Italiya ta fara wani aiki na daban. Gidajen titin Amelia, Edward, Fanny da Herbert na ƙananan ma'aikata ne. Ƙofarsu a kan hanya take buɗewa, kanta miƙaƙƙe, adon bai wuce na bakin rufi ba. Ciki falo ɗaya ne wanda shi ne kuma wurin girki da cin abinci, sai ɗan ɗakin wanke-wanke, ɗakin ajiya a ƙarƙashin ƙasa, da ɗakin kwana biyu a sama. Titin William Henry da na George kuwa na masu duba aiki ne, wato shugabannin ɗakunan saƙa. Su aka ba baka a ƙofa da taga, da ɗan lambu a gaba mai shingen ƙarfe, da falo dabam, madafa dabam, da ɗakin kwana uku ko fiye. An ƙiyasta kuɗin gina gidan ƙaramin ma'aikaci fam 120, na mai duba aiki fam 200. Hayar mako tana farawa daga sule biyu da kwabo huɗu ta kai sule bakwai da sisi. Can gefen yamma, a titin Albert, aka gina manyan gidaje na manajoji, malamai da limaman coci, suna kallon fili. Bahaushe ba zai sha wahalar karanta wannan rubutu ba, domin a tsohon birnin Kano ko Zariya ma zanen da ke fuskar zaure da zankwayen da ke kan soro su ke fara gaya wa baƙo ko gidan wa ya zo. A Saltaire mutum ɗaya ne ya rubuta wa kowa nasa, kuma da ma'aunin matsayinsa a masaƙa ya rubuta.

Gidajen da aka gina daga baya, a shekarun 1860, irin na titin Constance da Shirley, sun fi na farko yalwa da ado ko da na talakawan ma'aikata ne. Wannan ya nuna ma'aunin ya ɗan sassauta da tafiya ta yi nisa.

Duk da haka, in aka tambaye ni abin da ya fi daraja a gidajen nan, ba zan nuna fuskarsu ba, bayansu zan zagaya da mai tambaya. Kowane gida yana da ƙofar gaba da ta baya, iska na shiga ta nan ta fita ta can. Kowanne yana da ɗan tsakar gida nasa a baya, kewaye da katanga, da masai nasa shi kaɗai, da wurin ajiye kwal da na zuba toka. Bayan katangar akwai lungu da ya raba layi da layi, ta nan masu kwasar ƙazanta da toka ke bi, ta nan mai kawo kwal ke sauke kaya, ba tare da an ratsa ta falon kowa ba. An ja ruwa zuwa cikin gidaje, an ja iskar gas ta fitila daga masaƙa, an yi magudanan ƙarƙashin ƙasa. Yau wannan ba abin a zo a gani ba ne, amma a 1854 shekara ashirin da ɗaya ya rage kafin dokar lafiyar jama'a ta 1875 ta ba hukumomin gari ikon tilasta irin wannan tsari. Gidajen da aka jingina baya da baya kuwa sai a 1909 doka ta hana sababbinsu a ƙasar, kuma birnin Leeds ya bi ta wata kafa a dokar ya ci gaba da gina su har cikin shekarun 1930. Bakar dutse ba ta taɓa hana kwalara kama yaro ba. Lungun baya da masan gida sun hana.

Ba wai aljanna aka gina ba. Babu ɗakin wanka a cikin gidajen. Salt ya gina gidan wanka da wanki na jama'a a 1863, mai bahon wanka 24 da injunan wanki masu aiki da tururi, amma mata suka ƙi shi, suka gwammace su yi wankinsu a gida. Daga baya aka mayar da ginin gidajen haya, a ƙarshe aka rushe shi. Iyali mai 'ya'ya bakwai a ɗakin kwana biyu cunkoso ne ko da wane irin dutse aka yi bangon. Yara na yin rabin yini a masaƙa rabin yini a makaranta, kamar yadda dokar lokacin ta yarda. Kuma mai gidan haya shi ne mai ba da aiki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya ɓata da masaƙa yana iya rasa albashi da makwanci a tashi ɗaya. Salt bai yarda a buɗe mashaya ko ɗaya a garinsa ba, ko da yake shi kansa bai haramta wa kansa giya ba; da alama taron ma'aikata a inda ba ya gani ne ya fi damunsa. A madadinta ya gina katafaren zauren jama'a da aka buɗe a farkon shekarun 1870, da ɗakin karatu da na lacca da na motsa jiki, ya gina makaranta, asibiti, gidaje 45 na tsofaffi da gajiyayyu, da wurin shaƙatawa a hayin kogi. Majami'arsa ta 1859, mai zagayayyen shirayi da ginshiƙai, tana fuskantar ƙofar ofisoshin masaƙa kai tsaye, kuma a jikinta aka gina hubbaren da aka binne shi a ciki bayan ya rasu a Disamba 1876. A titin Titus akwai gida guda da ya fi na kusa da shi tsawo, da ɗan ɗakin gilashi a kan rufinsa. Wasu sun ce na hangen gobara ne, wasu sun ce na hangen mutane. Duk wannan bai hana ma'aikatan yajin aiki a 1868 da 1876 ba.

Bayan Salt, arzikin bai daɗe a hannun zuriyarsa ba. Yayin yadin alfaka ya wuce, Amurka ta ƙara haraji kan kayan da ake shigar mata, kamfanin ya durƙushe a 1892, wasu 'yan kasuwa suka saye shi, daga baya ya zama na ɗayansu, James Roberts. A 1933 aka sayar da gidajen ga wani kamfanin gidaje na Bradford, daga nan suka riƙa komawa hannun mazaunansu ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin shekara ɗari ya mayar da dutsen mai ruwan zuma baƙi ƙirin, har jikoki suka taso suna zaton haka launinsa yake, sai bayan dokar tsabtace iska ta 1956 da wanke-wanken da suka biyo baya aka sake ganin asalinsa.

Shekarun 1950 da 1960 su ne lokacin da hukumomin Ingila suka sa katafila a unguwannin gidajen jere, suka rushe dubbai da sunan kawar da ƙazanta, suka gina dogayen benaye na kankare a madadinsu, waɗanda da yawansu su ma an riga an rushe su. Saltaire ta tsira. Ingancin gininta ya taimaka, domin da wuya jami'in lafiya ya ce gida mai ƙofa biyu da tsakar gida bai cancanci zama ba. Amma a wannan karon adon ya biya kuɗinsa. Masu fafutukar adana gine-ginen zamanin Victoria sun samu abin nunawa: gari guda cur, zanen hannu ɗaya, salo ɗaya daga hasumiya har indararo. A 1971 aka ayyana shi yankin da ake karewa, a tsakiyar shekarun 1980 aka sa gidajen cikin rajistar gine-ginen tarihi. Masaƙar ta rufe a 1986, shekara guda bayan haka wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye ta, ya zuba zane-zanen David Hockney, ɗan asalin Bradford, a wani sashenta, ya ba kamfanoni da shaguna hayar sauran. A Disamba 2001 UNESCO ta sa Saltaire cikin wuraren tarihi na duniya.

Zama a irin wannan gida yau yana da nasa ɗawainiya. Mai gida ba shi da ikon cire tagar katako ya sa ta roba, ko ya sauya ƙofa, ko ya taɓa bututun hayaƙi, sai da izinin hukuma, kuma waɗanda suka riga suka sauya kafin a kafa dokar ana lallaɓarsu su mayar da irin ta asali. Ɗakin wanka sai an yanko shi daga ɗakin kwana ko a matsa shi a wani lungu na gidan. Titunan da aka auna don ƙafa da amalanke yanzu motoci ne jere a kowane gefe, babu gareji ko ɗaya. Matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya ita ce ɗumama ɗaki. Bangon dutse ne cur, ba shi da rami a tsakiya da za a cusa abin tare sanyi, kuma ba za a lulluɓe shi ta waje ba, don fuskar ce ake karewa. In aka lulluɓe ta ciki, ɗakin da dama ƙarami ne ya ƙara tsukewa, danshi kuma yana iya maƙalewa a cikin dutsen. Tagar gilashi ɗaya tana zubar da zafi, mai gilashi biyu kuma kaurinta ya fi ƙarfin siririn firam na 1850 da wani abu, saboda haka mutane da yawa sukan ƙara wata tagar ta biyu daga ciki, inda mai wucewa a titi ba zai gan ta ba. An zana gidajen ne a zamanin da kwal ke zuwa da arha ta lungun baya, murhu na ci dare da rana a kowane falo, kuma Birtaniya ta ɗauki alkawarin kawo ƙarshen hayaƙin da take ƙara wa sararin sama nan da 2050.